Shekarar da Malam Datti Bai Ƙona Tattaka Ba

Shekara talatin da ɗoriya Malam Datti yana noman shinkafa a bakin kanal ɗin da ke kai ruwa gonaki, gabas da Bunkure, kuma duk kaka da an gama bugu sai ya tara tattaka tsibi-tsibi ya ƙyasta mata ashana. Haka kowa ke yi. Hayaƙi ya kwanta a kan fadama kwana da kwanaki, rana ta yi ja wur kamar garwashi.

Bana sai ga Malama Rauda, jami'ar muhalli ta ƙaramar hukuma, tana bin gonaki da lemarta.

"Baba, majalisa ta hana ƙona tattaka," in ji ta. "Hayaƙin nan yana ƙara wa duniya zafi, ga cutar ƙirji."

Datti ya yi dariya. "'Yata, 'yar wutar gonata ce za ta ɗumama duniya? To in ban ƙona ba, ina zan kai ta? Alkama zan zuba nan da mako biyu."

"Akwai masu so, Baba. Ba ni kwana uku."

Rana ta uku da hantsi ta dawo tare da Hammadu, makiyayi daga wata ruga ta wajen Kadawa, garkensa na biye. Datti ya ɗaure fuska. Tun shekarar da shanun Hammadu suka faɗa masa tumatir ba su sake gaisawa ba.

Hammadu ya jingina sandarsa. "Malam Datti, sannu da aiki. In ka yarda, su ci tattakar, su kwana uku a nan su bar maka taki."

Datti ya dubi tsibin tattakar, sannan ya ce, "To, su shiga."

Da la'asar ya kishingiɗa a gindin mangwaro. Sama ta yi tas, shuɗiya har ƙarshen gani. Belbelu suna sauka a gadon bayan fararen shanu, ruwan kanal yana tafiya da inuwarsu a hankali. Ƙamshin busasshiyar tattaka ya cika masa hanci, gyangyaɗi ya ɗauke shi. Ya ga kansa yaro, yana gudu a kan kunya, mahaifinsa na kiransa daga nesa.

Muryar Hammadu ce ta tashe shi. Ƙwaryar kindirmo ya ajiye masa.

"Zauna mana," in ji Datti, yana matsa masa gefen tabarma. "Ni kaɗai ba zan iya shanye wannan ba."