Sarkin Biko

"Je ka dawo min da shi," in ji Oga, ya wurgo makullin mota kan tebur. "Gobe za a zuba kankaren bene. Ba injiniya, ba zubi."

Mataimaki ya ɗauki makullin. A takarda shi ne mataimakin shugaban aiki a kamfanin ginin nan, amma sunan da leburori suka laƙaba masa shi ya bi shi: Sarkin Biko. Oga ya ci mutuncin mutum, mutum ya yi zuciya ya tafi, shi kuma a tura shi rarrashi. Ya yi bikon akanta, ya yi bikon mai awon fili, ya yi bikon mai sito. Sukan dawo don kunyar furfurarsa, su ƙara shan zagi, su tafi gaba ɗaya. Yanzu in sun hango shi a hanya sai su tsallaka titi.

Laifin Injiniya jiya shi ne ya ce ranar da Oga ya yi wa waɗanda suka ba da kwangilar ginin alkawari ba za ta yiwu ba. Oga ya tara leburori, ya cire masa hular kwano daga ka, ya kifa wa mai gadi, ya ce, "Ga sabon injiniyanku, ku tafa masa." Ba wanda ya tafa. Mai gadi ma kansa ya sunkuyar.

Mataimaki ya tarar da Injiniya a falon gidansa da singileti, ya kwance fanka yana goge mata ƙura. Matarsa ce ta buɗe ƙofa.

"Baba, sannu da zuwa. In dai mutumin nan ne ya aiko ka, ka huta kawai ka koma."

"'Yata, bari in zauna tukuna kafin ki kore ni."

Injiniya ɗan amininsa ne marigayi, kuma Mataimaki da kansa ya kawo shi kamfanin. Don haka bai yi kwana-kwana ba. Ya kawo maganar leburorin da za su kwana ba aiki, ya kawo haƙuri, wanda aka ce maganin zaman duniya ne, galibi a bakin waɗanda ba su aka zaga ba. Da ya ga duk ba su ci ba, sai ya ce, "Ya yi nadama."

Injiniya ya ajiye tsumma. "Shi ya faɗa?"

"Ni nake faɗa maka. Ba zai ƙara ba. Na ɗauki wannan a wuyana."

Matar ta yi tsaki ta shige ciki. Injiniya ya daɗe yana kallon fankar, sannan ya tashi ya sa riga.

Sun kusa shataletale wayar Mataimaki ta yi ƙara. A haɗe take da lasifikar motar, kuma kafin Mataimaki ya ce ba shi kaɗai ba ne, muryar Oga ta cika ko'ina.

"Ka kamo jakin?"

"Oga, ai muna..."

"Lallaɓa min shi a gama zubin gobe. Jibi ni da kaina zan kore shi, a gaban kowa. Ni ba a barina, ni nake barin mutum. Gaya masa na yi nadama, ko na yi kuka, duk abin da ka saba gaya musu."

Duk abin da ka saba gaya musu. Mataimaki ya ji maganar ta sauka masa a ƙirji kamar buhun siminti. Ashe shi ba mai sulhu ba ne, igiya ce, da shi ake jawo mutane zuwa mayanka. Ya kasa duban kujerar gefe.

"Mu je, Baba," in ji Injiniya a hankali. "Kai na yi wa alkawari, ba shi ba."

Da zaginsa yaron ya yi, da ya fi masa sauƙi.

Ya shiga shataletalen. Ya wuce hanyar wurin ginin, ya ci gaba da zagayawa, wani mai tasi na danna masa oda yana tambayarsa ko a gona ya koyi tuƙi, har ya dawo kan titin da suka fito.

"Wa ke magana a nan? Kana jina kuwa?" in ji Oga, da yake har yanzu yana kan layi.

"Ina jinka, shi ma yana jinka. Gida zan mai da shi. Motarka kuma ka aiko a ɗauka a ƙofar gidana."

"Kai! In ka yi haka, kai ma kada ka..."

Mataimaki ya kashe wayar. Zuwa jibi Oga zai huce, ya nemi wanda zai tura biko. Mataimaki ya bi teburan ofishin a ransa, ɗaya bayan ɗaya, yana neman wanda za a aiko masa. Duk babu kowa a kansu.