Wankan Ɗan'azumi

Wayar tana ta kururuwa a aljihun Malam Mamuda, shi kuwa yana tsakiyar gonarsa a Gazara yana girbin dawa. Ya zaro ta, faffaɗa kamar faifai, ya shafi gilashin yadda ɗansa Yahya ya koya masa. Ta ƙi. Yatsan da fartanya ta yi wa kanta, ina gilashi zai san shi? Ya lashi yatsan ya sake shafawa. Kiran ya katse.

Da 'yar ƙaramar wayarsa ce mai madanni, da tuni ya danna kore ya yi sallama. Amma Yahya ya karɓe ta da Sallah, wai abin kunya ne uban ma'aikacin ƙaramar hukuma ya riƙa yawo da rakani-kashi.

* * *

Yana hanyar gida Tanko mai acaɓa ya ci burki a gabansa.

"Baba, kana nan? Ba ka tafi Paki ba?"

"Me ake rabo a Paki?"

"Ashe ba ka ji ba. Amininka Ɗan'azumi fa ya rasu, tun hantsi."

Mamuda ya yi salati. Tun suna samari suna sarin rake a kasuwar Makarfi suka ƙulla alkawari: duk wanda ya riga tafiya, ɗayan ne zai yi masa wanka.

"Ɗauke ni, Tanko. Kada ka tausaya wa babur ɗin."

* * *

Sun tarar ana shimfiɗa tabarmi, an dawo daga maƙabarta. Ya'u, babban ɗan mamacin, ya durƙusa.

"Baba, wallahi na kira ba a ɗaga ba. Sai na sa sanarwa a guruf ɗin dangi. Ai Yahya ya saka ka a ciki."

"A cikin me?"

Ya'u ya sunkuyar da kai.

"Babu mai ƙafa a gidan nan da za a aiko? Wa ya yi masa wankan?"

"Wani sabon ladani."

"Ya san kafaɗarsa ta hagu ba ta miƙewa tun da tarakta ta kayar da shi? An bi ta a hankali?"



Mamuda ya samu gefen tabarma ya zauna, ƙaiƙayin dawa na cin wuyansa. Dama da hagu samari ne, gwiwa na gugar gwiwa, kowa kansa a ƙasa, suna rubuta wa juna Allah ya jiƙan Baba a waya.