Benen Mai Tayil Ya Cinye Mini Rana

…rana na rasa, inuwa na samu. Cinikin ke nan, ba gyara. Lambun da na yi shekara da shekaru ina ci ina sha da shi, ga shi yanzu a gindin benen mai tayil kamar takalmi a ƙofar ɗaki. Wai in rana ta fito tafin hannu ba ya kare ta. Wanda ya yi wannan magana bai ga bulo ba.

Dube su. Dubi tumatir, tsawo kawai, siriri, fari-fari, kamar yaron da ya tashi daga jinya. Fure ya fito, ya kalli katanga, ya zube. Kuɓewa kuwa ganye take ta yi mini, faffaɗa, sai ka ce ganye na aike ta. Alayyafo ne kaɗai marar zuciya, shi ko ƙarƙashin gado ka watsa shi zai fito yana washe baki…

Kai kana kwance abinka, baban yara. Ka huta. Kai ka haƙa komin farko da shebur ɗin aro, kana mita, wai me za a samu a wannan tsakuwa. Ka tafi ka bar ni da tsakuwar da 'ya'ya. Da hannu na tsince ta. Kashin kaji, tokar murhu, ɓawon kayan miya — ko ruwan wanke-wanke ban taɓa zubarwa a banza ba. Ƙasa ta yi baƙi, ta yi laushi kamar hanta. Da ita na rufa mana asiri. Ƙanenka yana ta baza ido ya ga ranar da zan tsaya masa a ƙofa ina murza zani. Har gobe yana jira.

Irin tumatirin da ke cikin bahon nan ya isa dashe. Ya ma wuce, saiwa ta fara leƙowa ta hujin gindi. Nawa ne, na hannuna, ba na leda ba. Kowace shekara in ware ɗan da ya fi kowa cika, in matse, in shanya a tsumma. Bara ko ɗaya bai nuna ba balle in cire iri. Wannan ne kakkaɓen tsumman. In bai shiga ƙasa mai rana a makon nan ba, shi ke nan, zuri'a ta yanke.

Ga ta can ta faɗo, 'yar ranar, faɗin tabarma, kusa da ƙofar banɗaki. Ɗauki baho. Wayyo bayana. Ajiye. Kafin in miƙe ta matsa, ta hau bango — ni ce yau nake bin rana da baho a cikin gidana. Ni!

Ya zo fa, mai tayil ɗin. Kada in yi masa ƙarya, ya zo, tun ba a kafa bulo ɗaya ba. Nan ya durƙusa, nan inda albasa take, yana tattare farin yadinsa kada ƙasa ta taɓa. Mama, zan ɗora bene. Mama, zai tare miki rana. Ki bar bututun ruwan dattina ya bi ta ƙarƙashin gefen lambunki, taƙi ɗaya kacal, ni kuma in ja ɗakunan sama baya, in bar baranda ta wajenki, hantsi ya riƙa sauko miki.

Tayin farko! Wa ke karɓar tayin farko? Mahaukaci, ko wanda ya sato kayan. Mutumin da ya tako da ƙafarsa ya durƙusa ai da sauran abu a aljihunsa. Na ce albarka. Na ce ka ja mini famfo har tsakiyar lambu, ka sake mini katangar nan da ta tsage, ka sa mini ƙofar ƙarfe, sannan mu yi maganar bututu. Na miƙe, na kakkaɓe zanena, na shige ɗaki, na saki labule.

Haka ake yi. Haka nake yi tun ina goyon fari. Ki juya baya, ki yi tafiyarki a hankali, kunne a baya… kafin ki wuce rumfa ta gaba, Mama dawo, Mama zo ki ɗauka, kin kashe ni. Mai nama ya san ni. Mai gawayi ya san ni. Mai atamfa har rantsuwa ya yi ba zai ƙara sayar mini ba, kuma ya ƙara. Ba wanda ya taɓa bari na tafi. Na zauna bakin gado ina jira ya ce Mama. Sai na ji ƙofar gida ta rufu. Na ce gobe. Gobe ta yi na ce kunya ce, jibi. Sai na ji tifa tana juye yashi.

Bai iya ciniki ba, shi ne kawai. Yaran yanzu — farashi manne a jikin kaya, ka biya ko ka fita. Wai ya kewaya da bututun ta ɗaya gefen, ya kashe ninki. Sakarai. Ya gwammace ya binne dukiyarsa a rami da ya ƙara mini famfo. A ce maka albarka, sai ka kama hanya? Albarka ai shimfiɗa tabarma ce, ba kora ba. Wa ya raine shi? Laifina ne da ba a koya masa ba? Laifina ne?

Rana ta bar bangon. Shi ke nan ta yau.

Babbar 'yarka kuma ta waya. Mama ki bar wahalar nan, tumatir nawa yake a kasuwa, ki dawo wurina, akwai ɗaki. Ɗaki! In je in zauna gaban talabijin da jikoki, mijinta yana auna mini loma da ido. Ta yi karatu, takarda har a bango cikin gilashi, amma ba ta san bambancin tumatirin da aka tsinka da raɓa da wanda ya ruɓe rabi a bayan mota ba. Ni ban iya karanta takardar ba, ita ba ta iya karanta ganye ba. An yi canjaras.

Ita kuwa matar mai tayil daga tagar sama take leƙo ni ina jan baho. Mama, ai saman benen nan fili ne, rana har ta yi yawa, ki kawo ki shuka a buhu. Daga sama take mini magana, sai na ɗaga kai kamar kaza na shan ruwa. Mace mai furen roba a bakin taga, tana wanke shi da sabulu. Furen roba! Ban tanka mata ba. Tun makon jiya ban tanka ba…

Ganyen ƙasa ya fara rawaya. Wannan. Da wannan.

Ina mayafina? Ba roƙo zan je ba. Ciniki zan je. Da bambanci.

Ga ƙofarsu, ta ƙarfe, irin wadda na ce ya sa mini. Ƙararrawa mai kukan tsuntsu, ko ƙararrawar ma ta ƙarya ce. Cire takalmi. Fasona a kan tayil ɗinsu, sanyi, santsi, kana ganin fuskarka a ƙasa — wa ke son ganin fuskarsa a ƙasa? Sannu da zuwa Mama, kawo in riƙe miki. Bar shi, ba nauyi. Kujeru kamar shanu a kwance, ba mai zama. Ƙamshin turaren fesawa, ko ɗigon ƙamshin miya babu. Allah sarki ɗan mutane.

Nawa? Ta zaro ido. Nawa me, Mama? Saman benen. Haba Mama, kyauta ne, ai maƙwabtaka.

Kyauta. Ni za a yi wa kyauta. Baki ya ci, ido ya ji kunya, gobe in ta yi tari sai in ce sannu sau goma. A'a. Na ce ɗaya cikin huɗu na duk abin da ya nuna naku ne. Tana dariya tana rufe baki. Ɗaya cikin uku. Wallahi Mama muna da shi cike da firji. Rabi! Ji ni fa, baban yara, ina taya kaina sama, ni da mai nama ke ɓuya in ya hango ni. Rabin tumatirina, kuma ta ce ba ta so. Da ta mare ni da ya fi.

Tana murza zobe. To Mama, in dai sai kin biya…

Uwar mijinta. Wai tana ɗakin sama tun da ɓarin jikinta ya shanye, ba ta saukowa. Ita matar tana shago daga safe zuwa azahar, 'yar aiki ta gudu, tsohuwa ba ta yarda da baƙon hannu. Amma ke ta san ki, Mama. In kin gama ban ruwa ki ɗan zauna da ita.

Ta san ni! Mai wankau! Wadda ke bi gida-gida da ƙullin dattin mutane a ka, hannu duk ya tsattsage da sabulu. Ta tsaya jikin katangata tana yabon alayyafo, kai wannan ganye, kai Allah ya sa albarka, tana jira in ce ɗebi. Ban taɓa cewa ba. Yabo ai ba kuɗi ba ne. Yau ita ce a sama, a kan katifa, ranata tana shigar mata ta taga. Me muka haɗa? Hirar me? In ba ta labarin taki, ta ba ni na kumfa?

Na ce kwana biyu a mako. Ta sunkuyar da kai kamar mutuniyar kirki. Ai ban ruwa kullum ne, ko Mama? Buhu ba ya riƙe laima, saman siminti zafi.

Ashe ta iya. Mai furen roba ta iya. Wa ya gaya mata buhu ba ya riƙe laima? Tun yaushe take tsaye a tagar nan tana auna ni?

Na ce sai na ga wurin tukun, ba a cinikin biri a sama. Matakala. Ita ma tayil. Wane marar tausayi ne ke sa santsi a matakala? Gwiwa — yi haƙuri. Baho a ƙugu, hannu a ƙarfe. Tana bayana, ina jin tafinta dab da bayana, ba ta taɓa ba, tana jira in zame. Ba zan zame ba. Kullum zan hau wannan? Da buhun ƙasa? Da taki? Ƙasata baƙa, a ɗebe ta a kwano-kwano a hau da ita ta falon mutane…

Tsaya. Numfashi.

Daga nan ina hango ƙofar saman a buɗe. Rana kwance a kan matakalar ƙarshe, fara tas, mai yawa, ba mai amfani da ita. Har ganyen cikin baho ya kama haske. Ga kuma wata ƙofa a hagu, ita ma a buɗe. Gado. Ƙafa ɗaya siririya ta fito daga bargo. Ta juyo da rabin fuskar da ke aiki. Bakin ya karkace, yawu a gefe, tana kokawa da harshe… mai… lam… bu.

Ta tsufa. Kai, ta tsufa. Sa'ata ce fa.

Hannun mai lafiyar yana buga gefen katifa. Zauna, ke nan. Ko ba ta yi magana ba ta iya ba da umarni, uwar mai gida.

Mama, yaya? Matar tana jira a bayana.

Na ce ba ta abinci a baki ban da shi. …To, har da shi. Wanka dai a'a. Wanka a'a, ko za a rushe benen. Bahon ya yi nauyi, ba inda zan ajiye sai sama.

Daga ban ruwa zuwa azahar, kullum. Duk safiyar da ta rage mini, a bakin gadon mai wankau.

A haka na sallama.