Ranar da Inna Saude Ta Tare Katafila

"Kin tsinke mata saiwa, Halima! Sau nawa zan gaya maki?"

Inna Saude ta fizge dagin daga hannuna. Muna cikin wani daji a bayan Bungudu, rana ta take, katafila tana ture itatuwa tana matsowa inda muke. An sayar da wurin, za a yanka shi filaye.

"Kaɗanya ba gujiya ba ce da za ki tuge," in ji ta. "Zagaye ta daga nesa, ki yi zurfi, ki ɗauko ta da ƙasar gindinta. Ki naɗe da jiƙaƙƙen buhu, ki rage mata ganye."

Maƙwabciyata ce a Gusau. 'Yan bindiga ne suka tashi ƙauyensu a ƙasar Tsafe, ta dawo ɗakin haya ita da ɗiyarta Khadija. A can sana'arta man kaɗe da daddawa. Da ta ga masu gawayi da masu filaye suna ƙarar da kaɗanya da ɗorawa da ɗinya, sai ta ɗauki ɗabi'a: duk inda ta ji za a share daji, ta tattara mu matan layi mu je mu haƙo ƙananan mu canza musu wuri. Ranar nan ni kaɗai na samu bin ta.

Da katafilar ta kusa, ta je ta tsaya a gabanta.

"Ɗana, dakata muna kaɗan. Saura 'yan ƙananan da ke gindin waccan ɗorawar."

"Inna, sa ni aka yi," in ji direban. "Ga mai wurin can."

Mai wurin, Alhaji Lukuman, yana cikin motarsa. Ya sauke gilashi rabi.

"Haba Inna, a kan itace? Abin da Allah ya baza ko'ina?"

"Ko'ina ina? Nuna man! Daga nan har Ruwan Bore ka ƙirga man ɗorawar da ta rage!"

Ya ɗaga gilashi, ya yi wa direban alama da hannu, ya ja motarsa ya tafi.

Ban taɓa ganin tsohuwa tana haƙa irin na ranar nan ba. Tana zufa, tana haki, tana faɗa. Na ce ta huta, ta ce in rufa mata baki. Ta ciccibo wata 'yar ɗorawa, ta miƙe, sai ta tafi luu ta faɗi ta gefe.

Sai a lokacin direban ya kashe injin.

Shi ya taya ni kai ta bakin titi. A asibiti aka ce hawan jini ne, rabin jikinta ya shanye. Washegari sai ga direban a ƙofar gida da buhunanmu ɗaure a bayan mashin, ya sauke su bai iya haɗa ido da kowa ba.

Da na gaya mata, ta motsa karkataccen bakinta. Na kai kunne.

"Da marece... ba cikin rana ba... ku yi musu inuwa."

Ranar Juma'a da hantsi ta cika.

Alhaji Lukuman ya aiko da gaisuwa da buhun shinkafa, wai ajali ne, kowa da ranarsa. Na san da ajali. Na kuma san jinkirin da ta roƙa bai kai tsawon dahuwar shinkafar tasa ba. Khadija ta ce wa ɗan aiken ya mayar. Mata suka yi ta ba ta haƙuri. Ni ban ba ta ba.

Bayan sadakar uku muka fita da la'asar, mu matan layi, zuwa jikin katangar makarantar unguwa. Muka haƙa ramuka, muka dasa 'yan itatuwan, muka kafa kara don inuwa, muka kewaye da ƙaya. Kowa ta watse don sallar magariba, aka bar Khadija a tsugune tana danna ƙasa da tafin hannu a gindin 'yar ɗorawar da uwarta ta faɗi da ita, wata akuya tana leƙenta ta tsakanin ƙayar.