Denise a Gidan Makoki

Ni Kaltumi, duk Lagdo babu wanda bai san rumfar bandar kifina ba, kuma babu wanda ya taɓa jin na ce abu ya gagare ni. Shi ya sa da aka ce za a turo Baturiya 'yar sa kai ta yi aikin jinya a asibitinmu, wanda muke kira dispanser, ana neman inda za ta sauka, na ce a kawo mini ita.

Denise sunanta. Doguwa ce, siririya, rana ta gasa mata hanci tun a hanyar Garoua. Ta zo da 'yar Hausarta, idan ta maƙale sai ta cike da Faransanci. Ban ɗauki lokaci ba na gyara ta. Ta iya ɗaura zane ba ya kwancewa a kasuwa, ta iya zare ƙayar kifi da yatsu, ta daina wuce mutane da "sannu" guda ɗaya kamar mai gudun kare. Hayaƙin banda ma ya daina sa ta tari. Inna take ce mini, kuma wallahi ina jin daɗin hakan.

Sai ƙyanda ta shigo gari. Halime, matar Dawuda masunci, ta kai ɗanta Adamu dispanser bayan ciwon ya riga ya kama ƙirji. Denise ta yi iyakar yinta, amma kafin azahar yaron ya cika a hannunta.

Tun daga ranar, 'yar nan ta koma daga ɗaki sai dispanser. Aka yi jana'iza, aka zauna makoki, ko ƙofar gidan ba ta bi ba. Ana haka allurar rigakafin ƙyanda ta iso daga Garoua cikin akwatin sanyi. Denise ta jera kujeru, ta zauna tun safe. Ko mace ɗaya ba ta kawo ɗanta ba.

A kasuwa na ji dalili, daga bakin Aisatu mai shinkafa.

"Kaltumi, baƙuwarki fa? Yaro ya mutu a hannunta, ko leƙa uwar ba ta yi ba. Wadda ba ta ɗauke mu mutane ba, ita za mu miƙa wa 'ya'yanmu?"

Raina ya ɓaci, don na san ba haka yarinyar take ba, kuma ga ciwo yana bin gida-gida. Idan aka watse makokin nan ba ta je ba, shi ke nan, ta gama aiki a Lagdo. Na bar kifi a kan wuta na nufi gida.

Na same ta zaune a bakin gado, ido ya kumbura.

"Tashi ki yafa gyale, gidan Halime za mu."

"Inna, ba zan iya ba. A hannuna ya mutu. Ganina zai ƙara mata ciwo. A wurinmu idan an yi rashi, barin mutum ake yi da danginsa ya samu natsuwa."

"Natsuwa? Ikon Allah! Ke nan tausayi ne ya hana ki zuwa? To gari ya ɗauka raini ne. A nan ba a barin mai rashi shi kaɗai, ko maƙiyinsa sai ya zo ya zauna."

"Idan ta kore ni fa?"

"Ina tsaye za a kore ki? Tashi, don Allah, kada ki sa na yi miki ihu maƙwabta su ji."

"Me zan ce mata?"

"Ki ce ya haƙuri, Allah ya jiƙansa. Sai ki nemi tabarma ki zauna. Ba a neman bayanin likita a wurinki."

Muka tafi, ina gaba tana bina. Gidan cike yake da mata, Hausawa da Fulani da matan masunta, kowace da goyonta ko yaro a gefe. Muna yin sallama hira ta ɗauke. Na ga Aisatu ta taɓe baki, na watsa mata harara, ta sunkuyar da kai.

Halime na zaune a ƙofar ɗakinta, jingine da bango, 'yar ƙaramarta na kwance a cinya. Denise ta cire takalmi, ta durƙusa yadda na koya mata. Ta buɗe baki ta ce, "Ya haƙu..." Sauran bai fito ba. Kuka ya ƙwace mata, irin mai girgiza kafaɗa, a gidan da uwar mamacin ma ta haɗiye nata.

Na yunƙura zan ɗaga ta mu fita kafin abin ya zama abin magana. Sai Halime ta riga ni. Ta kama hannun Denise da hannu biyu.

"Haba, Madam. Yi haƙuri, kin ji? Yi haƙuri. Kwanansa ne ya ƙare. Na ga yadda kika yi ta fama da shi, ko ruwa ba ki sha ba. Da ba ki zo ba, na zaci fushi kike da ni don ban kawo shi da wuri ba."

Denise ta girgiza kai. Mata suka shiga cewa, "Sai haƙuri, Madam," har da Aisatu. Wata ta matsa mata a tabarma, wata ta miƙo kwanon ruwa. Ni ma sai da na goge ido da bakin gyale, tausayin su biyun ya kama ni.

Da kukan Denise ya ɗan lafa, Halime ta ɗauki 'yar da ke cinyarta ta aza a ta Denise.

"An ce allurar ta zo. Kina tare da ita?"

"Tana dispanser."

"To tashi ki ɗauko, Madam. Wannan kaɗai ta rage mini."