Tayar Hagu ta Motar Dogara

Tun da Dogara ya yi ritaya daga aikin malamin gona, babu abin da ya ɗauke masa hankali kamar tsohuwar motarsa, wata farar akori-kura mai gida biyu, irin wadda tayoyinta huɗu duk suke ja. Da ita yake shiga gonarsa ta doya ko da ruwa ya kwana yana zuba. Shi yake canza mata baƙin mai, shi yake duba mata birki, a gindin mangwaron ƙofar gidansa da ke unguwar Gangaren Tudu a Keffi. Saboda haka da ƙafar gaba ta fara ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, duk sa'ad da ya karya kwana, bai ga dalilin kai ta gareji ba.

Idris, wani bakanike a Tudun Ƙofa da suka san juna shekara ashirin, ya ji ƙarar ranar da suka haɗu a gidan mai.

"Malam Dogara, shaf ɗinka ne ya gaji, sandar nan da ke juya taya," in ji shi. "Kawo mini ita, aikin wuni ɗaya ne. Wannan ba irin canjin mai ba ne."

Dogara ya yi dariya. "Ai yanzu komai yana cikin waya, Idi. Sau uku na kalli yadda ake yi."

Ya sayo sabon shaf da gwangwanin giris, ya yi Alhamis da Juma'a yana fama. Babban notin da ke riƙe ƙafar ne ya fi ba shi wahala, don ba shi da sufanar da ta kai girmansa. Da ya zo mayarwa, sai ya kafa masa guntun ƙarfe yana bugu da guduma har ya ga ya daina juyawa. Ya zagaya unguwa sau biyu, ƙarar ta ɗauke. Ya dawo yana fito.

Da safiyar Asabar matarsa Febi ta ɗauki motar za ta Nasarawa bikin ɗiyar ƙanwarta. Shekara goma sha biyar tana tuƙi, kuma ba ta gudu. Mata uku na zumuntar cocinsu suka cika kujerar baya, 'yarsu Vera ta zauna gaba da jaririnta ɗan wata biyar, aka jera kulolin shinkafa a bayan mota. Dogara ya ɗaga musu hannu, ya koma tattara kayan aiki.

Yana ɗaga tsumman da ke cikin tsohon farantin da ya zuba notuna, sai ya ga wani siririn ƙarfe mai baki biyu, bai kai tsawon yatsa ba. Ya tsaya yana kallonsa. Ya san shi sarai. Shi ne ake zura wa a ramin bakin shaf a lanƙwashe, ya kulle babban notin kada ya kwance. Mutumin cikin bidiyon har ɗaga shi ya yi gaban kyamara. Jiya da ya zo ƙarshen aiki hadari ya taso, ya yi sauri ya rufe murfin ya ɗaura taya.

Ya laluɓo waya da hannu mai giris ya kira Febi. Sai ya ji ƙararta a cikin falo, tana nan a jikin caji. Ya kira Vera, aka ce wayarta a kashe take. Ya sake kira, ya sake. Ba shi da lambar ko ɗaya cikin matan nan uku.

Da singileti da silifa ya fita da gudu, ya tare ɗan acaba.

Idris yana ƙarƙashin wata tasi da ya ji ana kwaɗa masa kira. Ya fito, Dogara ya buɗe tafin hannu ya nuna masa siririn ƙarfen.

"Wane ɓangare?" in ji Idris.

"Hagu. Wajen direba."

"Da me ka ɗaure notin?"

"Da guduma."

"Innalillahi!" Idris ya goge fuska. "Na hagu in ya samu sarari, juyawar taya ce take kwance shi. Ina motar?"

"Tana hanyar Nasarawa. Maman Vera ce ke tuƙi. Da Vera, da jariri, da mata uku."

Idris bai ƙara tambaya ba. Ya cusa babbar sufana da jak a buhu, ya miƙa wa Dogara, ya tayar da babur ɗinsa. "Hau. Ka riƙe ni da kyau."

Suka fita gari. Damina ta cinye kwalta, ramuka cike da jan ruwa, Idris yana kauce musu kamar zai kwantar da babur ɗin. Dogara bai ji tsoron faɗuwa ba ko kaɗan. Kowane rami suka wuce, sai ya ga tayar hagu ta faɗa cikinsa, notin ya ƙara juyawa. Ya yi ƙoƙarin yin addu'a, amma kalma biyu kawai suke fitowa: "Ya Yesu. Ya Yesu." Ya tuna yadda Vera ta ɗora yaron a cinya, ba ta ko ɗaura bel ba.

Bayan wata kwana suka hango taron mutane a bakin hanya, da farar mota kwance a cikin kwalbati, tayoyinta a sama.

Wani irin sauti ya fita daga maƙogwaron Dogara. Kafin babur ya gama tsayawa ya diro, silifa ɗaya ya fice. Ya kutsa cikin mutanen yana ture su. Sai ya ga buhunan gawayi warwatse, ga direban zaune a kan ɗaya yana riƙe da kai, lafiyarsa ƙalau. Ba motarsa ba ce.

"Baba, naka ne?" wata mai sayar da gasasshiyar masara ta tambaye shi.

"Farar mota mai gida biyu, mace ke tuƙi. Ta wuce?"

"Masu waƙa? Ai sun tsaya nan sun yi masa sannu. Yanzun nan suka tafi."

Idris ya ja shi ya koma kan babur.

Ba su yi minti biyar ba suka hango ta, kulolin shinkafa suna ƙyalli a baya. Dogara ya leƙa ta gefen kafaɗar Idris. Tayar gaba ta hagu tana tafiya tana girgiza kai, ta leƙo waje ta koma, ta leƙo ta koma. Ya cika ƙirji zai yi ihu.

"Kada ka yi!" Idris ya daka masa tsawa. "In ta firgita ta danne birki, tayar za ta fita. Ka yi mata fara'a. Ka yi mata alama ta rage a hankali."

Gabansu gangara ce, a ƙasanta siririyar gada, ga wata tifa ta yashi tana hawowa. Idris ya jira tifar ta wuce, iskarta ta kusa tunkuɗe su, sannan ya murɗa mai suka jera da motar. Tayar tana dab da ƙafar Dogara. Yana jin ƙaurin giris da ya ƙone, yana ganin siririn hayaƙi. A ciki kuwa matan suna tafi suna rera waƙar biki.

Febi ta juyo ta gan shi, ta zaro ido. "Baban Vera! Lafiya?"

Ya yage baki da abin da yake fata murmushi ne. "Lafiya lau! Kin manta wayarki! Rage a hankali, kada ki taka birki sosai!"

"Saboda waya ka biyo ni ba riga?"

"A hankali, Maman Vera. Don Allah a hankali."

Wataƙila muryarsa ce, wataƙila fuskarsa. Ta daina tambaya, ta ɗage ƙafa daga totur. Idris ya shiga gabanta yana rage gudu, hannunsa na hagu yana sauka kaɗan-kaɗan. Waƙar ta mutu. Motar ta gangara gefen hanya, ta yi wani gurnani, ta tsaya, saura kamar taku talatin a hau gadar.

Idris ya sa kowa ya sauka, ya danna dutse a bayan taya, ya ɗaga motar da jak. Ƙarfen ƙafar motar ya yi zafin da sai da tsumma ya iya taɓa shi. Ya cire murfin, ya kama babban notin da yatsu biyu. Juyi biyu ya yi masa, notin ya faɗo ƙasa.

Vera ta ƙanƙame jaririnta har ya fara kuka.

"Tun daga bayan gari sitiyari yake rawa a hannuna," in ji Febi a hankali. "Na ɗauka hanya ce."

Dogara ya zauna daɓas a cikin ciyawa. Febi ta zo ta tsaya a kansa.

"Me ya faru da motar?"

Ya buɗe hannunsa. Ƙarfen ya huda masa tafi, jini ya bushe a kai, bai ma sani ba. "Ban sa wannan ba. Ni ne na manta."

Ya jira faɗa, bai zo ba. "Tashi ka gaya wa matan nan da bakinka," in ji ta. "Su ma suna da 'ya'ya a gida."

Ya tashi da silifa ɗaya, ya je gabansu ya faɗi abin da ya yi, bai rage komai ba. Babbarsu, Mama Anjelina, ta zazzage shi tas, ta ce tsufa ya zo masa da taurin kai. Da ta gama, sai ta kama hannun kowa ta yi addu'ar godiya, har da Idris, wanda ya amsa da amin daga inda yake tsugune.

Idris ya ce boris ɗin da tayar ke juyawa a kansa ya narke, motar ba za ta ƙara ko taku ɗaya ba sai ya koma Keffi ya kawo wani. Suka tare wata bas mai zuwa Nasarawa, aka kwashe kuloli, matan suka shiga. Vera ta zo ta taɓa kafaɗar ubanta, ta hau. Febi ta sa ƙafa ɗaya a ƙofar bas, sai ta fasa.

"Ku tafi, ku ce ina nan zuwa," ta ce musu.

Ta ciro zane daga jakarta ta yafa wa mijinta, ta ɗebo ruwan leda ta fara wanke masa hannu. Idris ya tayar da babur ya juya wajen Keffi. Su biyu suka zauna a inuwar motar, motoci suna wucewa, suna jiran dawowar Idris.