Bas a Bayan Motar Gawa

Ultan ya karya sitiyari ya bar bakin kogin Liffey, bakinsa na ta zuba a makirfo, hankalinsa na wani wuri. A hagu gidan da aka haifi wani babban marubuci, a dama mashayar da ta ƙarasa shi. Baƙi 'yan yawon buɗe ido da ke saman bas ɗin mai bene, cikin rigunan leda ruwan ɗorawa saboda yayyafi, suka yi dariya daidai inda kowa yake yi.

Yau ake binne mahaifinsa. Shi ya sa ya roƙi Dessie, mai raba wa direbobi aiki, ya sa shi a layin zagayen gidajen marubuta tun safe. Dessie ya ce a Dublin mutum kan ƙi zuwa bikin ɗan'uwansa a yafe masa, amma ban da jana'iza. Duk da haka ya miƙa masa makulli.

Mahaifin nasa, Malachy Tierney, ya ƙare rayuwarsa yana rubuta waƙoƙin da shi yake buga abinsa, yana bin mashaya da su a aljihun kwat. Ultan na firamare mutumin ya kwashe littattafansa ya kama ɗaki, wai hayaniyar yara tana kashe masa baiti. Nuala, yayar Ultan, ita ta yafe, ita ta riƙa kai masa miya da ya tsufa. Jiya ta kira ta ce in ba ta ga Ultan a makabarta ba, ya goge lambarta, kuma kada 'ya'yanta su sake ganin ƙeyarsa. Ultan ba shi da kowa sai ita.

Yana shiga wani siririn titi mai jajayen gidaje ya taka birki. Motar gawa ce a gabansa, tana tafiyar hawainiya, mutane kaɗan na binta a ƙasa. Ya gane lemar Nuala.

Ya manta, ko ya sa kansa ya manta, cewa ba a wucewa da mamaci makabarta sai an biya da shi ta ƙofar gidansa an ɗan tsaya. Ɗakin Malachy na kan titin nan. Kullum Ultan ya zo nan yakan saki wani barkwanci don kada kowa ya kalli hagu. Motar gawar ta tsaya. Ba a shan gaban gawa, ko da akwai hanya. Ya kashe inji.

Nuala ta dawo da baya ta ƙwanƙwasa ƙofar bas da kan lema. Ya buɗe.

"Ka zo ke nan. Da jar riga mai tambarin kamfani."

"Aiki nake, Nuala. Hanyata ce."

"Shi ma tasa ce." Ta nuna masu rakiyar da haɓa: mijinta, limamin coci, da wasu tsofaffin abokan shan Malachy. "Masu ɗaukar akwatin ma ba su cika ba. Gaba, ta hagu, na ɗa ne. Na bar wurin."

Ta juya ta tafi. Sai a lokacin ya lura makirfon a kunne yake.

Wata dattijuwa ta leƙo daga matakala ta tambaya ko wanda ya rasu yana cikin manyan marubutan da aka rubuta a tikiti. Ultan ya ce a'a. Ya kalli tagar benen, labulenta a ja, da tukunyar busasshen fure. Ya gyara makirfo, ya yi magana da muryar da yake yi wa sauran.

"A hagunku, hawa na biyu, ɗakin Malachy Tierney, marubucin waƙoƙi. Babu allon tunawa a bango, don a garin nan sai mutum ya mutu ake kafa masa, shi kuwa ga shi nan a gabanmu."

Ba wanda ya yi dariya. A madubi ya ga wani ya cire hula. Wayoyi suka ɗago, aka ɗauki hoton tagar kamar yadda aka ɗauki na sauran gidajen. Dattijuwar ta tambaya ko waƙoƙin suna da daɗi. Ya ce bai taɓa karantawa ba.

Motar gawa ta motsa, ya tayar da inji ya bi. A mahaɗar titi, layinsa dama yake yi zuwa tsohon ɗakin karatu, motar gawa kuwa ta yi hagu, hanyar makabartar Glasnevin. Dessie na ta kira a oba-oba yana tambayar ina ɗan mawaƙi ya maƙale. Ultan ya rage ƙarar, ya kunna sigina ta hagu. Ya gaya wa baƙin cewa makabarta ce tasha ta gaba, cike take da marubuta, wanda ba ya son zuwa, ya sauka nan. Ba wanda ya sauka.

A bakin makabarta Nuala ta tuɓe wa mijinta baƙin kwat ta miƙa wa Ultan. Hannun ya yi masa gajere. Baƙin suka jeru a baya cikin ledojinsu kamar an koya musu. Ɗaya daga cikin tsofaffin ya dube su ya ce Malachy bai taɓa tara rabin wannan ba yana da rai.

Nuala ta gyara wa ƙanenta wuyan kwat, ta rage murya.

"In sun ce a karanta musu wani abu nasa, ka ce ba mu zo da shi ba. Bar su da zaton ya iya."

Ultan ya zagaya gaba, ta hagu, ya sa kafaɗa.